RIJIYAR IBRAHIM DA RIJIYAR ISHAKU: MU YI MAGANA KO MU KAU DA KAI?

(Jawabin da jami'in raya karkara na hukumarmu ya gabatar a Kumbotso, a taron shugabannin ƙungiyoyin manoman rani na yankin Kura da Bunkure.)

 

Kwamitin shirya wannan taro ya ba ni kan magana mai nauyi, wato idan muka ga ɗan'uwa yana aikata abin da ba mu yarda da shi ba, mu tunkare shi ne, ko kuwa mu yi masa uzuri mu ƙyale. Maganar tana da faɗi. Ana iya kai ta gidan aure, ana iya kai ta kasuwa ko majami'a. Ni dai zan tsayar da ita a bakin magudanar ruwa, gama a can ne dukanmu muke haɗuwa, daga can ne kuma yawancin ƙorafin da ke zuwa ofishinmu yake fitowa.

Bari in tuna wa matasa yadda ruwan nan yake zuwa mana, domin wasunsu sun tashi ne sun tarar da shi yana gudu kamar tun fil'azal haka yake. An gama gina dam na Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan kogin Kano. A shekarar 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. An tsara kashi na farko na shirin ya shayar da hekta 22,000. Abin da ya bambanta wannan shiri da noman fadama shi ne, ruwan gangarowa yake yi da kansa. Yana baro Tiga ta babban kanal, ya rabu zuwa rassa, daga rassa zuwa ƙananan magudanai, har ya iso fangalin mutum. To, duk abin da ke gangarowa, na sama ne yake fara gani. Manomin da gonarsa ke farkon magudana shi ruwa yake fara gaisarwa, na ƙarshe kuwa sai abin da aka rage masa. Waɗanda suka zana aikin sun san da haka, shi ya sa suka sa ƙofofi, suka sa tafkunan da ruwa zai taru da dare, aka kuma tsara a riƙa sha bi da bi. Amma ƙofar ƙarfe ba ta iya tsare kanta. Duk tsarin yana rataye ne a kan abu guda, cewa na sama zai rufe idan lokacinsa ya cika.

Kun fi ni sanin abin da ke faruwa. Wani ya zo da tsakar dare ya jera buhunan ƙasa ya tare magudana, ruwan layi duka ya koma gonarsa. Wani ya fasa gefen kanal da fartanya domin ya huta da jira. Wani ya kafa inji inda ba a ba shi izini ba. A kira gayyar yashe magudana da sare kachalla, ka ga mutane goma sun fito cikin arba'in, kuma goman nan duk 'yan ƙarshen layi ne, gama na farko ruwa yana isa gare su ko an yashe ko ba a yashe ba. Wani ya gama feshin tumatir ya tsoma tankin feshinsa a cikin magudana ya ɗauraye, alhali can ƙasa kaɗan yara suna wanka, mata suna wanki, dabbobi suna sha. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake yi a ɓoye na gaske. Da gari ya waye kowa ya san gonar da ta kwana a jiƙe.

Me muke yi idan mun gani? Mukan yi kawaici. Ba na so kowa ya fita daga nan ya ce na zagi kawaici, ko kara, ko haƙuri. Da su aka raine mu, da su ne kuma gidan da ke da mutum talatin yake kwana lafiya. Ƙasar da kowa yake faɗin duk abin da ya zo bakinsa ba wurin zama ba ce. Amma mu dubi abin da muke kira shiru, mu gani ko shiru ne. Mutumin da ya tare ruwa shi kaɗai ne ba a gaya wa ba. An gaya wa mai shayi. An gaya wa direban da ke kwasar kwanduna zuwa Kwanar Gafan. An faɗa a bayan majami'a bayan an tashi sujada, an faɗa a inuwar masallaci. An ba shi suna ma, wanda ake kiransa da shi idan ya ba da baya. Idan kuwa ya iso, sai a ce, sannu da zuwa, yaya gona? Wannan ba haƙuri ba ne, 'yan'uwa. Littafin Firistoci sura 19 ya haɗa abubuwa biyu wuri guda, ya hana riƙe ɗan'uwa da ƙiyayya a zuci, ya kuma umarta a tsauta masa a fili. Wanda ya haɗa su ya san halin mutum, gama maganar da aka haɗiye ba narkewa take yi ba. Takan zauna a ciki har ranar da alkama ta fara bushewa, sai ta fito a bakin magudana da ƙarfe biyu na dare, ga fartanya a hannu. Idan kuma ba ta fito ta nan ba, sai ta fito ta wata hanya da ta fi wannan ɓarna, kowa ya ce tun da wane yana yi ba a ce masa kome ba, ni ma bari in yi. Shekara biyu, uku, layin duka ya zama na masu ƙarfi da masu iya hana ido barci.

Akwai labarai biyu a Littafin Farawa da nake so mu ajiye kusa da juna. Dukansu a kan ruwa ne, dukansu kuma a gida ɗaya suka faru, uba da ɗa. Na tabbata maƙwabtanmu Musulmi ma ba baƙin waɗannan sunaye ba ne.

A sura 21, barorin sarki Abimelek sun ƙwace wata rijiya ta Ibrahim. Sa'ad da sarkin ya zo neman alkawarin zaman lafiya, Ibrahim bai bari zaƙin ziyarar ya rufe masa baki ba. Ya amince da alkawarin, sa'an nan ya ta da maganar rijiyar a gaban sarkin. Amsar Abimelek abin lura ce. Ya ce bai san wanda ya yi ba, Ibrahim bai taɓa gaya masa ba, sai ran nan ya fara ji. Ibrahim ya ware 'yan raguna mata bakwai ya ba shi, su zama shaida cewa shi ya haƙa rijiyar, aka yi rantsuwa, aka kira wurin Biyer-sheba. Magana ta ƙare, ba a zubar da jini ba.

A sura 26 kuma ga ɗansa Ishaku a kwarin Gerar. Barorinsa suka haƙa rijiya, makiyayan Gerar suka ce tasu ce. Ya bar musu, ya sa mata suna Esek. Suka haƙa ta biyu, aka sake rigima, ya bar musu, ya kira ta Sitna. Ya matsa gaba ya haƙa ta uku, ba wanda ya yi jayayya, ya kira ta Rehobot.

Uban ya yi magana, ɗan ya kau da kai, Littafi kuma bai zargi ko ɗaya daga cikinsu ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku mai bi na gaske kullum shiru yake yi, ya karanta rabi ne. Wanda ya ce kullum sai an faɗa, shi ma rabi ya karanta. Mu da muke wa'azi mun fi son labarin Ishaku, domin yana da daɗin faɗa, kuma ba ya ɓata wa kowa rai a cikin masu sauraro. Amma ku lura da abin da Ishaku yake da shi. Rijiyoyin nasa ne, shi ne mai ikon bari. Mutum ne mai arziki ƙwarai, da garkuna da barori masu haƙa. Ga kuma fili a gabansa. Asarar da ya yi daga aljihunsa ta fita, kuma yana da ƙarfin ɗauka.

Yanzu ku dawo da ni ƙarshen magudana. Akwai gwauruwa mai rabin eka, wadda ta ci bashin taki da iri domin ta yi albasa, ga marayu huɗu. Ina Rehobot ɗinta? Gonarta ba ta matsawa. Ba ta da barorin haƙa. Idan ruwa bai iso ba kwana goma, shekarar ta tafi, bashin kuma yana nan. To, idan ni shugaban layi ne, ko dattijon ikkilisiya, ko maƙwabci mai faɗa a ji, na san wanda ya tare mata ruwa, na ce a yi haƙuri, a bar wa Allah, haƙurin wa nake bayarwa? Ba nawa ba ne. Na shiga rumbun wata na ɗebi hatsi na yi kyauta da shi, na kuma karɓi godiya cewa ni mutum ne mai son zaman lafiya. Ina iya yafe abin da aka yi mini. Abin da aka yi wa wani, ba ni da hurumin yafe shi a madadinsa, balle ma idan shi ba a ko tambaye shi ba.

Wannan ita ce tambayar da nake roƙon mu riƙa yi wa kanmu kafin mu yanke shawara: idan na yi shiru, wa zai biya? Idan ni ne zan biya, kuma ina iya ɗauka ba tare da na riƙe shi a zuci ba, to hanyar Ishaku tana buɗe, kuma hanya ce mai albarka. Akuyar maƙwabci ta shiga ta ci maka ganye sau ɗaya, yaronsa ya taka maka kunya biyu, ya ari fartanya ya dawo da ita da giɓi, ka bar shi ya wuce. Idan kuwa ba wanda zai biya kome, abin dai bai yi mini daɗin gani ba ne kawai, to wannan ma bai kai matsayin yafewa ba, gama ba laifi aka yi ba. Manzo Bulus ya yi dogon bayani a Romawa sura 14 a kan masu gardamar abinci da ranaku, ya nuna cewa kada a mai da bambancin ra'ayi ya zama shari'a. Wane ya shuka masara inda kai za ka sa shinkafa, wane ya sayar da tumatirinsa tun a gona, wance ta sa ɗanta makarantar da ba ka so. Ina ruwanka?

Abin mamaki, a irin waɗannan ne bakinmu ya fi kaifi. Yarinya ta zo sujada da ɗinkin da bai gamshe mu ba, kafin a yi addu'ar rufewa an kira ta gefe, an kira uwarta. Saurayi ya yi askin zamani, dattawa uku sun yi masa magana. Amma ma'ajin ƙungiya ya shekara biyu bai karanta lissafi ba, kuɗin da mata suka tara na bashin juyawa ba a san inda suka kwana ba, kowa ya sunkuyar da kai, domin shi ne ya ba da kwanon rufin majami'a, ko kuwa surukin shugaba ne. A ganina, yawancin abin da muke kira hikima a nan tsoro ne, yawancin abin da muke kira kishin gaskiya a can kuma samun wanda ya fi mu rauni ne. Eli firist ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi da hadayun jama'a a Shilo. Ya ma yi musu magana, amma irin maganar da ba ta hana kome, ya kuma bar su a kan aikin. Masu kawo hadaya ne suka yi ta biya, daga baya gidansa duka ya biya.

Sai dai kada wani ya ji wannan ya tashi gobe da asuba ya nufi gidan maƙwabci da zafi. Uzuri yana da wurinsa, wurinsa kuwa shi ne kafin ka buɗe baki. Ka fara binciken dalili. Sau da yawa wanda ya tare ruwa da dare shi ma an tare masa ne daga sama. Wani lokaci ƙofar reshensu ce ta lalace, ko yashi da kachalla sun cike magudanar har ruwan da ke isowa bai kai rabin na da ba, awoyin da aka ba shi kuma ba su canza ba. Wani alkamarsa ce ta kai lokacin fitar da kai, ya san idan ta sha ƙishi a makon nan babu gyara. Wani ɗan ƙodago ne ya aika, bai san abin da yaron ya yi ba, kamar dai Abimelek. Mai ɗauraye tankin feshi kuma wataƙila ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ragowar maganin nan guba ce ga yaro da kifi. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sanin dalili zai sauya yadda za ka yi maganar, zai iya nuna maka ma cewa gyaran na layin duka ne, a fito a yashe, a je wurin hukuma a kan ƙofar. Amma dalilin ba zai jiƙa albasar gwauruwar nan ba. Kana iya tausaya wa mutum ƙwarai, ka kuma ce masa ya cire buhunan a yau.

Yadda za a yi maganar, Ubangijinmu ya shimfiɗa shi a Matiyu sura 18, kuma ban ga littafin koyar da sasanci da ya fi shi ba a duk bitar da aka tura mu. Da fari ka je kai kaɗai, tsakaninka da shi. Idan bai ji ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Idan ya ƙi, sa'an nan a kai gaban jama'a. Mu kuwa mukan fara ne daga ƙarshe, jama'a duka su ji, shi ya ji daga bakin yara. Manufar matakin farko ita ce a ba mutum ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Wanda aka kunyata a gaban matansa da 'ya'yansa, ko a gaban 'yan ƙodagonsa, ko a tsakiyar kasuwar Kura, zai kare kansa ko da ya san ƙarya yake karewa. Ka same shi da yamma bayan ya ci abinci, ku gaisa sosai, ka tambayi iyali. Ka faɗi abin da idonka ya gani da wanda abin ya shafa, kada ka ba shi suna. Akwai bambanci tsakanin ka ce, kai ɓarawon ruwa ne, da ka ce, Malam, na ga buhuna a bakin gonarka shekaranjiya, ruwa kuma bai kai wa matar marigayi wane ba tun ran Talata, ko akwai matsala ne a wajenka? Na farko ya rufe magana. Na biyu ya bar masa wurin da zai ce, wallahi yaran nan ne, za a cire. Ko ka san ba yaran ba ne, karɓi amsar, tun da ruwan kake nema ya wuce. Annabi Natan ma da aka aike shi wurin sarki Dawuda a kan matar Uriya, da labarin 'yar tunkiyar wani matalauci ya fara, har sarkin ya yanke hukunci da bakinsa kafin ya gane da shi ake.

Wanda zai je ma abin dubawa ne, a nan kuma al'adarmu tana da kayan aiki da yawa da muka bari suna tsatsa. Yaro ɗan shekara ashirin da biyar ba zai tsaya gaban sa'an mahaifinsa ya ce Baba ka yi kuskure ba, ko ya yi ma ba za a ji ba. Sai ya nemi aminin dattijon, ko ƙanin mahaifinsa. Akwai taubashi da abokin wasa, wanda zai faɗi magana mai ɗaci cikin dariya ta shiga, a rabu ana tafawa. Mace tana da shugabar zumunta, tana da uwargidan mai unguwa. Akwai sarkin noma, akwai dagaci. Aika wanda ya dace ba gulma ba ce, muddin mutum ɗaya ka gaya wa, kuma domin ya je ne.

Dole in taɓa wani wuri mai ƙaiƙayi. Da yawa daga cikinmu Kirista muna noma ne a tsakiyar 'yan'uwa Musulmi, kuma ba mu manta da abin da ya faru a Kano a 2001 da 2004 ba. Saboda haka idan wanda ya tare ruwan ba addininmu ɗaya ba, sai tsoro ya kama mu, kada maganar magudana ta rikiɗe ta zama wata aba. Na ji maƙwabta Musulmi su ma suna cewa sun ƙyale wani Kirista ne domin kada a ce don addininsa aka taɓa shi. Tsoron yana da dalili. Amma shirun nan yana haifar da abin da ake gudu, domin laifin mutum ɗaya da ba a gaya masa ba, a zuci yakan koma laifin jama'arsa duka, a fara cewa ai haka suke. Maganinsa shi ne kada ka je kai kaɗai idan kana shakka, kada kuma ka tara 'yan majami'arku. Ka nemi mutumin kirki daga nasa ɓangaren, liman ko wani dattijo, ku je tare a kan maganar ruwa kawai. Su ma suna da koyarwar nasiha da hani ga mummunan aiki, kuma duk limamin da na taɓa kai wa irin wannan magana bai ce mini tare ruwan marayu halal ne ba. Gwamnatin jiha ta kafa hukumar Hisba a 2003, ta kuma ƙaddamar da shirin A Daidaita Sahu a 2004, duk da sunan gyaran hali. Kowa da ra'ayinsa a kansu, ba kuma shi ya tara mu ba. Abin da na sani shi ne babu hukumar da za ta tsaya a bakin kowace magudana da tsakar dare. Maƙwabci ne kaɗai yake wurin.

Wannan ba a ƙasarmu kaɗai aka gano shi ba. Wata malama Ba'amurkiya mai suna Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami lambar Nobel a fannin tattalin arziki, a shekarar 2009, ta yi shekaru tana nazarin yadda jama'a suke raba abin da suka mallaka tare, har da ruwan noma a Nefal, Filifin da Sifaniya. Ta tarar cewa tsare-tsaren da suka daɗe ba su rushe ba suna da wasu halaye iri ɗaya. Manoman da kansu ne suke sa ido, sau da yawa wanda ke jiran layinsa shi ne mai lura da wanda ke sha. Hukuncin farko kuma ƙarami ne ƙwarai, kusan tunatarwa ce kawai cewa an gani, sai an maimaita yake ƙaruwa. Ba su kau da kai, ba su kuma fara da sanda. A birnin Balensiya na Sifaniya akwai kotun ruwa ta manoma, mai ɗaruruwan shekaru, wadda ke zama ranar Alhamis da tsakar rana a ƙofar babbar majami'ar garin. Alƙalanta manoma ne da 'yan'uwansu suka zaɓa, ana yin shari'ar da baki, a gama nan take. Da na fara jin bayanin malamar nan sai na ce, ashe Matiyu 18 ta je ta tarar a gona.

Mu ma yanzu nauyin ya dawo kanmu. A ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014, an gyara kanal da ƙofofi da yawa a wannan yanki, aka kuma ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa domin su riƙa kula da ƙananan magudanai da kansu. Wato zamanin da za mu ce aikin gwamnati ne, ba ruwana, ya wuce. Siminti sabo ne, amma idan halin bai sake ba, fartanyar da ta fasa tsohon za ta fasa sabon.

Kafin mu ɗauki kanmu a matsayin waɗanda ake zalunta kullum, mu tuna cewa kowa na sama ne ga wani. A nan Kumbotso, manoman bakin kogin Challawa sun daɗe suna kuka da ruwan da masana'antun jima suke zubarwa, sun san zafin zama a ƙasa da mai ƙarfi. Amma mu duka da muke sha daga Tiga, da kuma dam na Challawa da aka gama a 1992, mu ne na sama ga masunta, makiyaya da manoman fadamun Haɗejiya da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke dogara da ita kowace shekara ta sauya, kachalla kuma ta toshe musu hanyoyin ruwa. Su ba su yi kawaici ba. Sun yi ta magana shekara da shekaru, har a 2006 jihohi shida, wato Kano, Jigawa, Yobe, Borno, Bauci da Filato, suka zauna a Damaturu suka amince da tsarin kula da kogin tare da kafa asusu dominsa. Matsalar ba ta ƙare ba, amma an zauna. Duk ruwan da muka bari ya malale a hanya domin mun ƙi rufe ƙofa, daga rabon wani yake fita. Saboda haka ranar da wani ya zo ƙofar gidanka, ya gaisa, ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce akwai 'yar magana, ka ba shi tabarma. Ya zaɓi ya zo wurinka ne maimakon teburin mai shayi, kuma ka san wanne ya fi sauƙi.

Bayan cin abinci za mu rabu ƙungiya ƙungiya. Abin da kwamiti yake roƙo shi ne kowane layi ya rubuta a takarda wanda zai fara zuwa idan an tare ruwa, su wane ne biyun da za su raka shi idan ba a ji ba, da kwana nawa za a jira kafin a kai gaban taron ƙungiya. Ku tuna albasa ba ta jiran taron wata, saboda haka kwanakin kada su yi yawa. A cikin mutum ukun nan a tabbata akwai ɗan ƙarshen magudana, akwai mace, inda kuma ake zaune gauraye a sa Kirista da Musulmi. Sakatarori su kawo mana takardun kafin motocin Bunkure su tashi, domin mu buga su mu mayar wa kowane layi nasa.

 Baba Fasto, bismillah, a sa mana albarka a abinci.